Yadda za ka zaga unguwar Faransawa ta Pondicherry da ƙafa

Pondicherry gari ne a gaɓar Tekun Bengal, kudu maso gabashin Indiya, kimanin kilomita 150 kudu da Chennai. A takardun hukuma sunansa Puducherry tun 2006, amma direbobi da 'yan gari "Pondy" kawai suke cewa. Kamfanin kasuwancin Faransa ya kafa sansani a nan a 1674 ƙarƙashin François Martin, kuma Faransawa ba su saki ragamar garin ba sai ranar 1 ga Nuwamba 1954, shekara bakwai bayan Ingila ta bar sauran Indiya. Unguwar da suka zauna, wadda har yau ake kira White Town, ba ta da girma, wuni ɗaya da kwana ɗaya sun ishe ka. Wanda ya raka mara lafiya asibiti a Chennai, ko ɗalibin da ya sami hutun 'yan kwanaki, zai iya zuwa ya dawo ba tare da aljihunsa ya ji jiki ba.

Mataki na 1: Zaɓi wata, ka kuma zaɓi rana

Daga Janairu zuwa farkon Maris ne lokacin da ya fi daɗi. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan doshi digiri 40, ga gumin bakin teku da ke liƙe wa mutum riga a jiki. Damina mai ƙarfi a wannan gaɓar daga Oktoba zuwa Disamba take, kuma a lokacin ne guguwar teku ke faɗowa. Wadda aka kira Thane ta yi wa garin ɓarna sosai a ƙarshen Disamba 2011.

Ranar ma tana da muhimmanci. Harajin giya a Puducherry bai kai na jihohin da ke kewaye ba, don haka Asabar da Lahadi matasa daga Chennai da Bengaluru kan cika garin maƙil, kuɗin ɗaki ya tashi, kowace katanga mai launi sai an yi layi kafin a ɗauki hoto. Ka je tsakanin Talata da Alhamis. Litinin gidan tarihi a rufe yake.

Mataki na 2: Kama hanya daga Chennai

Hanyar bakin teku, wadda kowa ke kira ECR, ita ce ta fi. Tafiyar awa uku zuwa huɗu ce a bas ko tasi, kuma tana bi ta Mamallapuram, inda tsofaffin gine-ginen da aka sassaƙa daga dutse suke, in kana da awa biyu na tsayawa. In bas za ka hau, tambayi kwandasta ko ta ECR zai bi, don akwai masu bin hanyar cikin ƙasa. Akwai jirgin ƙasa ma, amma ba shi da yawa kamar bas.

Riƙe fasfonka da bizarka a jiki, domin kowane masauki sai ya yi wa baƙo ɗan ƙasar waje rajista. Ka tanadi kuɗin Indiya, wato rupee, na takarda, ƙananan canji. Indiyawa da waya suke biyan kusan komai, amma tsarin ba ya saurin karɓar baƙo. Daga tashar mota ka hau adaidaita sahu zuwa bakin teku, ku yi ciniki ku daidaita kafin ka zauna.

Mataki na 3: Masauki

Tsofaffin gidajen Faransawa da yawa an mayar da su ƙananan otal, masu tsakar gida da dogon rufi. Suna da kyau, suna da tsada. In kuɗinka bai kai ba, nemi ɗaki a ɓangaren Tamil, wato unguwar 'yan asalin garin, tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce kawai zuwa teku.

Mataki na 4: Fito bayan sallar asuba

Titin bakin teku, Goubert Avenue, tsawonsa kusan kilomita ɗaya da rabi ne, kuma ana hana motoci shigarsa daga ƙarfe 6 na yamma har gari ya waye. Garin gabas yake fuskanta, saboda haka rana daga cikin teku take fitowa. A wannan lokacin dattawan gari ne ke yawo, ba 'yan yawon buɗe ido ba.

A tsakiyar titin akwai mutum-mutumin Gandhi mai tsawon kusan mita huɗu, kewaye da ginshiƙan dutse takwas da aka kwaso daga ganuwar Gingee. Daura da shi za ka ga tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1836, da dandalin tunawa da 'yan yankin da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk ranar 14 ga Yuli ana taruwa a nan don bikin ranar ƙasar Faransa. Can ƙarshen kudu kuwa mutum-mutumin Dupleix ne a tsaye, gwamnan da daga 1742 zuwa 1754 ya yi mafarkin kafa wa Faransa daula a Indiya, aka kira shi gida kafin mafarkin ya tabbata.

Kada ka shiga ruwan. Manyan duwatsu aka jera don tare zaizayar ƙasa, igiyar ruwan kuma ba ta da wasa.

Mataki na 5: Shiga cikin lunguna kafin rana ta take

Bayan titin teku akwai tituna uku da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi: Rue Dumas, Rue Romain Rolland da Rue Suffren. Ka bi ɗaya zuwa ƙarshe, ka dawo ta na biyu. Ba za ka ɓata ba, titunan a miƙe suke suna ratsa juna. Masana da dama na danganta wannan tsari da Holandawa, waɗanda suka riƙe garin daga 1693 zuwa 1699. Gine-ginen da kake gani kuwa kusan duk bayan 1761 aka yi su, shekarar da sojojin Ingila suka ci garin suka rushe shi.

Ka lura da yadda gidajen suke juya wa titi baya: doguwar katanga, babbar ƙofa mai baka, furanni na leƙowa ta sama, rayuwa duk tana can ciki. Masu launin rawaya su ne ake gani a hotuna. Masu ruwan toka da fari mafi yawansu mallakar zawiyar Sri Aurobindo ne, wani malamin addini ɗan Indiya. Allunan tituna da Faransanci da Tamil aka rubuta su, 'yan sanda kuma har yau jar hula irin ta Faransa suke sawa. Ɗan Damagaram ko Maraɗi da ya yi lakwal zai karanta allunan nan ba tare da tafinta ba, sai dai kada ya ɗauka mai shayi zai amsa masa da Faransanci. Tamil ne harshen gari, sai Turanci. Masu Faransanci a baki galibi zuriyar waɗanda suka zaɓi zama 'yan ƙasar Faransa ne lokacin da aka kammala miƙa yankin a 1962, da masu alaƙa da makarantar Lycée Français, wadda aka kafa tun 1826.

Gidajen nan da mutane a cikinsu. Kada ka tura ƙofa don ka gan ta a buɗe, kada kuma ka ɗauki hoton mutum ba ka tambaye shi ba. Wasu ofisoshin, kamar ƙaramin ofishin jakadancin Faransa da fadar gwamna ta Raj Nivas, masu gadi ba sa son a tsaya ana ɗaukarsu.

In rana ta fara zafi, ka fake a inuwar lambun Bharathi, ka ga farin ginin Aayi Mandapam na zamanin Napoleon na Uku, sannan ka shiga gidan tarihi da ke kusa. Ni a ganina abin da ya fi jan hankali a ciki ba kujerun Faransawa ba ne, fasassun tulunan da aka tono a Arikamedu ne, kusa da garin, shaidar cewa wannan gaɓar ta yi ciniki da daular Rum shekaru kusan dubu biyu da suka wuce.

Mataki na 6: Wuraren ibadar mutane

Uku ne a cikin unguwar da baƙi ke zuwa. Cocin Notre Dame des Anges ta 1855, mai launin hoda, tana Rue Dumas. Zawiyar Sri Aurobindo, wadda aka kafa a 1926, tana Rue de la Marine. Ana cire takalmi, ba a magana, ba a hoto. Sai wurin bautar Hindu na Manakula Vinayagar, wanda ya girmi zuwan Faransawa. Ba dole ba ne ka shiga ko ɗaya, daga waje ma za ka ga gininsu. In ka shiga, ka bi dokarsu, ka sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa.

Mataki na 7: Tsallaka lambatun

Wannan shi ne matakin da yawancin baƙi ke tsallakewa, kuma shi ne ya sa tafiyar ta zama ta ilimi. Daga teku ka nufi yamma, za ka tarar da wata doguwar magudanar ruwa da ta raba garin biyu. Yau lambatu ce kawai, an ma rufe wasu sassanta ana ajiye motoci a kai. A da ita ce iyaka: gabas garin farare, yamma abin da Faransawa suka kira garin baƙaƙe. Duk wanda ya san dalilin da ya sa aka gina GRA nesa da ganuwar Kano zai gane abin nan da nan.

Da ka ƙetare, shirun ya ƙare. Ga babura, ga masu furanni, ga ƙamshin kayan yaji daga kasuwar Goubert. Ka nemi Vysial Street ka duba tsofaffin gidajen Tamil. Su titi suke fuskanta: rumfa mai ginshiƙan katako a gaba, da dakali dama da hagu na ƙofa inda baƙo ko matafiyi zai zauna ya huta. Wasu gidajen attajirai ƙasan ginin Tamil ne, benen kuma da baka da ginshiƙai irin na Faransa. Masaƙa da marina da dillalan wannan ɓangaren ne suka samar da yadin da Faransawa suka zo saye tun farko.

Daga nan ka gangara kudu zuwa unguwar Musulmi, wajen Mullah Street da Cazy Street da Tippu Sahib Street. Akwai tsofaffin masallatai, ciki har da na Kuthba da na Meeran, inda za ka yi azahar. Gidajen nan ma da nasu salon, masu baranda ta katako da aka yi wa sassaƙa.

Mataki na 8: Abin da za ka ci

Da safe ka gwada burodin Faransa da kofi a ɗaya daga cikin shagunan White Town, ko ka ci idli da dosa, nau'o'in wainar shinkafa, a ɓangaren Tamil a kan kuɗin da bai kai rabi ba. Gidajen abincin unguwar Faransawa da yawa suna sayar da giya, wasu har da naman alade, don haka ka tambaya kafin ka zauna. Mai neman naman halal ya ci shinkafar biryani a unguwar Musulmi. Inda ka ga an rubuta "Pure Veg" babu nama ko kaɗan, hankalinka a kwance. Ruwan gora kawai za ka sha.

Mataki na 9: Yamma, da washegari

Bayan la'asar ka leƙa filin da ke gaban cocin Notre Dame, wani lokaci za ka tarar da dattawa suna wasan jifan ƙwallon ƙarfe na Faransawa. Ƙarfe shida in an tare motoci, ka koma bakin teku ka sayi gasasshiyar masara ka zauna cikin jama'a.

In kana da safiya ta biyu, Auroville na nan kimanin kilomita 12 arewa da gari, matsugunin da aka kafa a 1968, mai ƙaton gini zagayayye mai ruwan zinariya da ake kira Matrimandir. Kallonsa daga nesa sai ka karɓi takardar izini a ofishin baƙi, shiga ciki kuwa sai an nemi wuri tun kafin ranar. In ba ka yi wannan tanadin ba, gara ka ɗauki hayar keke ka sake zaga ɓangaren Tamil kafin basinka na Chennai ya tashi. Ka dai tuna hannun hagu ake tuƙi a Indiya.