Yadda gari ke tsara rage hayaƙinsa, da inda zai samo kuɗin aikin

A watan Afrilun 2022 Tarayyar Turai ta zaɓi garuruwa 112 daga cikin 377 da suka nema, domin su kai matsayin da hayaƙin da suke fitarwa da wanda suke shanyewa za su yi kunnen doki zuwa shekarar 2030. An ce kowane gari ya kawo yarjejeniya mai sassa uku: alƙawarin da shugabanni da 'yan kasuwa suka sa wa hannu, da tsarin ayyuka, da tsarin zuba jari. Na farko ba wuya. Na uku ne ke kayar da garuruwa, don haka a kansa za mu fi daɗewa. Sai dai ba a kaiwa can sai an bi ta ƙidaya.

A fara da shata iyakar gari da zaɓen shekarar da za a riƙa aunawa da ita, wadda bayananta suka fi cika. Ma'aunin da aka fi bi shi ne GPC, wanda ƙungiyoyin WRI da C40 da ICLEI suka fitar a 2014. Ya raba hayaƙi gida uku: wanda ya tashi daga abin da aka ƙona a cikin gari, da wanda aka fitar a tashar wuta saboda lantarkin da gari ya sha, da wanda ya tashi a waje amma gari ne sanadinsa, kamar sharar da aka kwasa aka kai juji a bayan gari. Lissafin kansa sauƙi ne da shi: yawan abin da aka ƙona sau abin da kowane awo ke fitarwa. Litar dizal tana ba da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, litar fetur kimanin kilo 2.3. Iskar mitan da ke tashi daga ruɓaɓɓiyar shara kuwa, tan ɗaya nata ana lissafa shi daidai da kimanin tan 28 na kabon, shi ya sa juji ɗaya kan rinjayi dubban motoci a ma'auni.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Ɗaya, a ƙirga abu sau biyu, a sa hayaƙin tashar wutar da ke cikin gari a gida na farko, a sake sa shi a na biyu. Ɗayan kuma, a dogara da man da gidajen mai suka sayar, alhali manyan motocin da suka sha shi wucewa kawai suka yi. Wanda zai yi wannan ƙidaya a gari irin Kano ko Legas yana da ƙarin aiki: janareto. Idan takardun kamfanin rarraba wuta kaɗai aka duba, an bar dizal ɗin masana'antu da fetur ɗin shaguna a baya, sai an bi unguwa-unguwa an ɗauki samfuri, a tambayi mai shago lita nawa yake zubawa a rana.

Da an san inda hayaƙin yake, sai a jera matakai, kowanne da farashinsa da tan nawa zai rage. Ga misalin lissafi. A ce gari yana da fitilun titi 10,000 masu wat 250, za a sauya su da LED masu wat 100. Suna ci awa 12 kowane dare, wato awa 4,380 a shekara. Wat 150 sau 4,380 sau 10,000 ya ba da yunit 6,570,000 na wuta. Idan kowane yunit yana jawo kilo 0.4 na kabon, an rage tan 2,628 a shekara, kuɗin wutar da aka huta da biya kuma shi zai biya bashin aikin. Aiki ne mai kyau, amma kada ya ruɗi kowa: a garin Turai babban kaso yana wajen ɗumama gidaje da sufuri, kuma waɗannan ba a hannun magajin gari suke ba.

Ƙa'idar shirin na Turai ita ce ragowar hayaƙin bayan duk ƙoƙari kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na hayaƙin shekarar awo. Kada kuma a ɗora wani babban kaso a kan aiki guda. Kofanhagan, babban birnin Denmak, ta yi shela tun 2012 cewa za ta cim ma burin a 2025, ta kuma rage hayaƙi ƙwarai. Amma ragowar ta rataya ne a kan na'urar kama kabon da za a kafa a tashar ƙona shara ta Amager. Kamfanin tashar ya kasa cika sharaɗin ƙarfin jari da gwamnatin Denmak ta gindaya kafin a ba da tallafi, a watan Agustan 2022 garin ya amsa cewa ba zai kai ba. Duk matakin da kuɗinsa ko izininsa ke hannun wani, a rubuta masa madadi tun ranar farko.

Yanzu tsarin zuba jari. Kowane aiki a ba shi layinsa, a rubuta kuɗin kafa shi, da kuɗin gudanar da shi duk shekara, da abin da zai shigo ko za a adana, da shekarar farawa, da sunan wanda zai biya. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne zuciyar takardar. Idan aka cike shi da gaskiya za a ga baitulmalin gari kaso kaɗan ya ɗauka. Sauran na masu gidaje ne, da kamfanonin wuta da ruwa, da masu motocin haya. Aikin hukuma a nan shi ne ta sa jarin ya yi musu daɗin zubawa, ta hanyar dokar gini, da saurin ba da izini, da tsayawa lamuni.

Sai a kasa ayyukan kashi uku. Akwai masu biyan kansu, irin fitilu da farantan sola a rufin makarantu. Waɗannan a ci musu bashi, ko a ba kamfani ya yi da kuɗinsa a riƙa biyansa daga rarar kuɗin wuta. Akwai masu biyan rabi, irin bas mai lantarki, da ke buƙatar a gauraya tallafi da bashi. Akwai kuma waɗanda ba sa kawo ko sisi, irin hanyar keke da dashen itatuwa, su sai kasafi ko tallafi. Ɓarnar da aka fi yi ita ce a kashe tallafi a kan kashi na farko don yana da saurin nunawa, a bar na uku ba mai ɗauka.

Banki ba ya ba da bashi a kan buri. Yana son binciken yiwuwar aiki, da awon injiniyoyi, da takardun neman 'yan kwangila, kuma waɗannan ma kuɗi ne. Shirin ELENA na Bankin Zuba Jari na Turai yana ɗaukar har kashi 90 cikin ɗari na kuɗin wannan share fage, yawanci ga ayyukan da suka haura Yuro miliyan 30. Sharaɗinsa: kowane Yuro ɗaya ya haifar da jarin Yuro 20 a ayyukan makamashi, ko 10 a gidajen zama da sufuri, in ba haka ba ana iya cewa a mayar da kuɗin. Ƙaramin gari ba zai kai miliyan 30 shi kaɗai ba, sai ya haɗa makarantunsa da asibitocinsa da na maƙwabta a ƙunshi guda. Garuruwan ƙasashe masu tasowa suna da irin wannan ƙofa a asusun Gap Fund, wanda Bankin Duniya da bankin na Turai ke gudanarwa tun 2020.

Takardun lamuni na ayyukan muhalli, wato takardun da gari ke sayar wa masu zuba jari don karɓar bashi, hanya ce, amma ba ta kowa ba. Gotenbag ta Suwidin ce garin da ya fara sayar da su a 2013, na kurona miliyan 500. A Afirka ta Kudu, Johannesbag ta bi a 2014, Kef Tawun a 2017 da rand biliyan 1. Kafin a yi tunaninsu a tabbatar an tantance littattafan kuɗin gari na shekaru a jere, an san harajin da ke shigowa, kuma doka ta ba gari ikon cin bashi. Dakar, babban birnin Senegal, ta gama shirin sayar da takardun sefa biliyan 20 a 2015, gwamnatin tsakiya ta dakatar da ita ana saura kwanaki. A nemi amincewar ma'aikatar kuɗi a rubuce tun kafin a kashe kuɗin shiri. Idan kuma da kuɗin ƙasar harajin gari yake shigowa, kada a ci bashin dala ba tare da kariya daga faɗuwar darajar kuɗi ba.

Bin diddigi kuma a kai shi ofishin kuɗi, ba ofishin muhalli ba. Oslo, babban birnin Norway, ta fara haka da kasafin 2017: kowace shekara ana ƙayyade tan nawa gari zai fitar, kowane mataki yana da hukumar da ke da alhakinsa da kuɗinsa, kuma hukumomin suna kawo rahoto sau uku a shekara tare da rahoton kashe kuɗi. Alƙaluman hayaƙi na ƙasa sukan makara da shekara ɗaya ko fiye, don haka a zaɓi alamomin da ake gani wata-wata: motoci nawa suka ratsa shingen shiga gari, lita nawa motocin hukuma suka sha, tan nawa na shara aka kai juji.