Yadda Ake Haɗa Maganin Asibiti da Sauran Hanyoyin Jinya Ba Tare da Ɗaya Ya Ɓata Ɗaya Ba

Marasa lafiya da yawa da ke shan maganin asibiti suna haɗawa da wani abu a gefe, ko jiƙon ganye, ko ƙwayoyin bitamin, ko tausa, ko sukar allura irin ta Sinawa. Babu aibu a cikin neman sauƙi ta hanya fiye da ɗaya, musamman da yake ciwo yana taɓa barci da natsuwa da ƙarfin jiki, abubuwan da ƙwaya kaɗai ba ta cika gyarawa ba. Ko maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin daga tsiro aka samo shi, aikin da ya kai Tu Youyou ta ƙasar Sin ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Inda ake samun matsala shi ne a haɗa biyun a ɓoye, likita bai san da ɗayan ba.

Kafin komai, a san sunan cutar ta hanyar gwaji, sannan a tsai da magana ɗaya: abin da za a ƙara zai zo ne a matsayin tallafi, ba zai maye gurbin maganin da aka rubuta ba. Wani bincike na Jami'ar Yale da ke Amurka, wanda aka buga a 2018, ya duba masu ciwon daji da suka ajiye maganin asibiti suka dogara ga wasu hanyoyin kaɗai, ya kuma gano cewa haɗarin mutuwarsu ya kai ninki biyu da rabi na waɗanda suka karɓi maganin asibiti. Haka lamarin yake ga hawan jini da ciwon sukari da farfaɗiya, domin jin sauƙi na 'yan kwanaki ba ya nuna cewa cutar ta tafi.

Ranar ganin likita, ka zuba duk abin da kake sha a jaka ɗaya, har da kwalbar da takardarta ta goge da ƙullin garin da ba shi da suna, ka juye su a kan teburinsa, ka faɗi yawan da kake sha da lokacin da ka fara. Mutane kan ji nauyin yin haka don gudun faɗa, amma faɗan minti biyu ya fi kwanciya a gadon asibiti. Idan likita ba shi da lokaci, masanin haɗa magunguna ya fi kowa sanin wannan fanni, kuma tambaya ɗaya ce za ka yi masa: akwai wanda zai rage wa wani ƙarfi ko ya ƙara masa?

Dalilin tambayar yana cikin hanta, wadda ita ce ke sarrafa yawancin magunguna ta fitar da su daga jiki. Tsiron Hypericum, wanda ake sha domin rage ƙuncin rai, yana sa hanta ta gaggauta wannan aiki, sai ƙwayar hana ɗaukar ciki da wasu magungunan ƙanjamau da maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa su fita kafin su gama aikinsu. Ruwan garehul kuwa akasin haka yake yi, yana sa wasu magungunan rage kitsen jini da na hawan jini su taru fiye da kima. Mai shan wafarin, maganin da ke hana jini daskarewa, shi ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan, domin ƙwayoyin tsiron ginko da na tafarnuwa suna iya ƙara masa zubar jini. Har ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam suna hana hanji tsotse wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na maƙoƙo, shi ya sa ake raba tsakaninsu da sa'o'i. Wanda za a yi wa tiyata kuma, likitocin sa barci kan shawarce shi ya dakatar da magungunan tsirrai mako biyu kafin ranar.

A ganina, ya fi aminci a fara da hanyoyin da ba a haɗiye su. A 2017 wata ƙungiyar likitocin Amurka, American College of Physicians, ta ba da shawarar cewa mai ciwon ƙugu ya fara da gashi da tausa da sukar allura, idan ciwon ya daɗe kuma ya haɗa da motsa jiki ko yoga, kafin a koma ga ƙwayoyi. Atisayen numfashi yana taimaka wa mai fargaba da rashin barci. Sai dai a tabbatar allurar sabuwa ce da aka buɗe a gabanka, a kuma guje wa duk mai maganin da ya ce ka daina na asibiti, ko ya ce garinsa ɗaya yana warkar da kowace cuta. Rubuta "daga tsirrai zalla" a jikin kwalba ba shaidar aminci ba ce: a farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka yi kuskuren sa tsiron Aristolochia a ciki.

Idan an amince ka gwada, ka ƙara abu ɗaya tak a lokaci guda, domin in ka fara uku tare ba za ka san wanda ya taimaka ko ya cutar ba. Ka samu ɗan littafi kana rubuta kwanan wata, da awon hawan jini ko sukari, da tsananin ciwo daga 0 zuwa 10, ka tafi da shi duk ranar komawa asibiti. Abin da bai nuna amfani ba bayan wa'adin da kuka ajiye da likita, a bar shi. Idan kuwa idanu suka yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko ƙafafu suka kumbura, ko dasashi ya fara zubar da jini, ka dakatar da sabon abin nan take, ka nufi asibiti da kwalbar a hannunka.