Yadda ake fita da ƙwallo daga baya idan abokan hamayya sun matsa wa gola

Tun shekarar 2019, lokacin da hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta yarda ɗan wasa ya karɓi bugun gola a cikin yadi na 18, fita da ƙwallo daga baya ya zama abin da kowace ƙungiya ke son gwadawa, daga manyan kulob na gasar Saudiyya har zuwa samarinmu da ke haɗa kuɗi su kama hayar filin roba a Jidda da Makka bayan sallar isha'i. Su ma abokan hamayya ba su naɗe hannu ba, domin sun koyi jeruwa a bakin layi suna jiran ƙwallo ta motsa su auka wa mai tsaron gida. Wannan bayani na kocin ƙungiyar unguwa ne da golansa, kuma abin da za a gina komai a kansa shi ne ƙirga. Kafin gola ya zaɓi gajeren fasin ko dogon bugu, sai ya san mutum nawa suka taso masa, saboda duk ɗan wasan da ya zo matsi akwai wurin da ya bari babu kowa.

Lissafin ba shi da wuya. Golan abokan hamayya ba ya barin ragarsa ya zo matsi, don haka su goma ne ke ƙoƙarin tare mutum goma sha ɗaya. Yawancin kociyoyi kuma ba sa yarda su bar 'yan bayansu ɗaya da ɗaya da 'yan gaba, sai su ajiye mutum guda na rara, wanda hakan ke nufin a ɓangarenmu na fili akwai gola da kuma wani ɗan wasa ɗaya da babu mai makinsa. Idan sun ajiye na rara, hanya tana ƙasa, sai a nemo wanda aka bari. Idan kuwa kowa ya kama nasa har tsakiyar fili, to hanya tana sama, a bayan 'yan bayansu. Golan da bai duba wannan ba, ya ce shi kullum gajere yake bayarwa domin haka ya gani a talabijin, ya ɗora ƙungiyarsa a kan sa'a ne kawai.

Tsayuwar 'yan wasa ita ce ke sa ƙirgar ta yiwu. Faɗin yadi na 18 ya ɗan haura mita 40, kuma wajibi ne a ci moriyarsa: 'yan bayan tsakiya biyu su buɗe, ɗaya dama ɗaya hagu, su tsaya a karkace yadda za su ga gola su kuma ga fili. Lamba biyu da lamba uku, wato 'yan bayan gefe, su manne wa layin gefe, amma su haura gaba da 'yan bayan tsakiya sosai. Ɗan tsakiyar da ke zama a gaban 'yan baya ya tsaya kusa da rabin da'irar da ke bakin yadi, kada ya shigo ya cushe wa gola, domin idan ya shigo da mai makinsa yake shigowa. 'Yan gaba kuwa su tafi can nesa, har su wuce layin tsakiya, tunda doka ta ce babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga bugun gola. A kiyaye dai, wannan rangwame na bugun farko ne kaɗai. Da zarar an taɓa ta gajere, satar gida ta dawo.

Akwai dabarar da ya kamata kowace ƙungiya ta riƙe, wato ɗan baya ya yi bugun golan da kansa, ya tura wa gola da ke tsaye a tsakiya. Idan gola ne ya fara ba ɗan bayan dama, ya riga ya sanar da abokan hamayya ɓangaren da za su rufe. Amma idan ƙwallon tana ƙafarsa a tsakiya, dama da hagu duk a buɗe suke, kuma dole ɗan gabansu ya zaɓi ɗaya. Sharaɗin shi ne gola ya tuna cewa ba shi da ikon kama wannan ƙwallon da hannu, bisa dokar da aka kafa a 1992 game da ƙwallon da abokin wasa ya maido da ƙafa da gangan.

Idan ɗan gaba ɗaya ne ya taso, abin mai sauƙi ne. Zai lanƙwaso gudunsa ya toshe ɗan baya ɗaya, sai a ba ɗayan, shi kuma ya tuƙa ƙwallon gaba har sai wani ya bar wurinsa ya tare shi.

Inda aiki yake shi ne idan biyu ko uku suka taso, kowanne yana gudu yana ɓoye mutum a bayansa. A nan za ka ga akwai ɗan wasanku da babu kowa a kansa, amma babu hanyar da ƙwallo za ta bi kai tsaye ta same shi. Maganin shi ne a biyo ta hannun mutum na uku. A ɗauka ɗan gabansu ya nufo gola ta dama, ya rufe ɗan bayan dama da jikinsa. Sai ɗan tsakiya ya sauko da gudu, mai makinsa na biye da shi, gola ya harba masa ƙwallo a ƙasa da ƙarfi zuwa ƙafar da ta fi nisa da mai makin, shi kuma ba tare da ya tsayar da ita ba ya karkata ta da taɓawa ɗaya zuwa ga wannan ɗan bayan dama da aka zaci an rufe. Ɗan bayan zai karɓa yana fuskantar gaba, ɗan gabansu ya riga ya wuce, mai makin ɗan tsakiya kuma ya baro wurinsa. Kuskuren da aka fi yi a filayenmu shi ne ɗan tsakiyar ya ce sai ya juya da ƙwallon ya yi yanka, alhali mutum na numfashi a ƙeyarsa. Gola ne ke ganin abin da shi ba ya gani, saboda haka fasin ɗinsa ya tafi tare da magana: "Juya!" idan babu kowa, "Maido!" ko "Taɓa ɗaya, Kaftin!" idan akwai mutum.

Lokacin sakin ƙwallon ma yana da nasa ilimi. Roberto De Zerbi, wanda ya horar da Brighton ta Ingila daga 2022 zuwa 2024, ya yi suna da sa 'yan bayansa da golansa su taka ƙwallo da tafin ƙafa su tsaya cak, suna jiran ɗan gaba ya fusata ya taso. Hikimar ita ce idan aka yi fasin tun ɗan gaba yana nesa, zai juya ya bi ƙwallon ba tare da ya yi asarar komai ba, amma idan aka bari ya saki gudu har ya rage masa taku uku ko huɗu, ba zai iya yin birki ba. A ganina wannan ya dace da filin roba mai santsi da golan da ƙafarsa ta nuna. A filin ƙasa mai tsakuwa, inda ƙwallo ke tsalle ba da izinin kowa ba, gara a sake ta da wuri.

Tarkon da ya fi cin ƙungiyoyi yana bakin layin gefe. Masu matsi da gangan suke barin lamba biyu ko lamba uku kamar babu mai kula da shi, domin sun san da zarar ya karɓa layi ya tare masa ɓangare guda, sai su rufe sauran. Kada gola ya tura masa ƙwallo a kwance yana tsaye daidai da 'yan bayan tsakiya. Idan za a ba shi, to ya haura, gola ya ɗaga ƙwallon ta saman ɗan gefensu ta sauka a gabansa, ya karɓa yana tafiya.

Idan ƙirga ta nuna kowa ya kama nasa, babu kunya a dogon bugu, sai dai ya zama da manufa. A watan Agustan 2018, 'yan Huddersfield sun hauro sun kama 'yan Manchester City mutum da mutum, sai Ederson, golan City, ya aika bugun gola har bayan 'yan bayansu, Sergio Agüero ya karɓa ya ci ƙwallon farko a wasan da ya tashi 6-1. Ba kowane gola ke da irin wannan ƙafa ba, amma tsarin yana aiki ko da bugun bai wuce tsakiyar fili ba. 'Yan tsakiya su sauko su janyo masu makinsu domin tsakiya ta zama fayau, gola ya nufi ƙirjin lamba tara, wato ɗan gaban tsakiya, ko kuma ɗan gefen da ya fi mai tsaronsa tsawo, sannan mutum biyu su ruga kusa da shi domin ƙwallon da za ta faɗo. 'Yan baya su ma su hauro nan take, in ba haka ba ratar da aka buɗe za ta koma hannun abokan hamayya.

Game da hatsarin da ke kan gola shi kansa, mazauna Jidda ba sa buƙatar a je da su nesa neman misali, domin Karim Benzema da ya zo Ittihad a 2023 da gola Édouard Mendy da ya zo Ahli a shekarar sun taɓa haɗuwa a irin wannan hali. A Afrilun 2022 a Landan, Mendy yana Chelsea ya fito nesa da ragarsa ya ba ɗan bayansu Rüdiger fasin maras ƙarfi, Benzema ya ƙwace ya ci wa Real Madrid ta uku. Wata guda kafin nan Benzeman ne ya matsa wa Donnarumma, golan PSG, har ya yar da ƙwallo a cikin yadinsa. Darasin aiki a nan shi ne gola ya duba fili tun ƙwallon tana hanya, ya karɓe ta a gefen raga ba a tsakiyar turaku ba, taɓawarsa ta farko ta kawar da ita daga inda ɗan gaba ke zuwa, fasin ɗinsa kuma ya kasance da ƙarfi. Wanda zai maido masa ƙwallo ya nufi ƙafar da ya fi iyawa da ita, ya kuma kauce wa saitin raga.

Idan ƙwallon tana hannun gola, daga kakar 2025/26 daƙiƙa takwas doka ta ba shi, alƙalin wasa zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe, in ya wuce a ba abokan hamayya kwana. Doka ta hana a tare shi yayin da yake sakin ta, amma bayan ta bar hannunsa ta zama ta kowa, kamar yadda Loris Karius na Liverpool ya gani a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Kiyef a 2018, da ya mirgina ta kusa da ƙafar Benzema. A laimar Jidda safar hannu kan jiƙe da gumi, don haka ya ajiye tawul a gefen raga, ya goge kafin jifa mai nisa.

A atisaye, a fara da gola da 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya biyu, a ajiye ƙananan raguna uku a layin tsakiya, sannan koci ya riƙa raɗa wa masu matsi adadin da za su taso, wani lokaci biyu, wani lokaci shida, ba tare da gola ya ji ba. Haka zai saba da ɗaga kai ya ƙirga. A kuma yi yarjejeniya kan alama ɗaya, misali ɗaga hannu biyu, wadda ke nufin kowa ya haura za a buga dogo. Zafin ƙasar nan ba ya barin ƙungiyar unguwa ta yi matsi tun daga farko har tashi, musamman a gasannin azumi da ake yi bayan tarawihi. Idan an ƙwace muku ƙwallo sau biyu a jere a farkon wasa, ku yi amfani da alamar na ɗan lokaci, ku dawo gajeren fasin sa'ad da kuka ga 'yan gabansu sun fara dafa gwiwa kafin bugun gola.