Idan za ki je dajin bakin teku na Sidni, fara da tambayar ruwa

Wankan jego ne ya kai ni Ostireliya. 'Yata ta haihu a Sidni inda maigidanta ke karatu, na bar Unguwar Rimi na je na yi wata uku. Da aka yi arba'in, surukina ya ce bai kamata in koma Kaduna ban ga komai ba sai ɗakin mai jego da kantin cefane. Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, ina zana wa yara gaɓar teku a allo, amma ruwan da na sani da idona shi ne kogin Kaduna da na Matsirga a Kafanchan. Saboda haka na ce masa teku nake son gani, kuma ba na cikin gari ba. Shi ne ya kai ni gandun dajin da suke kira Royal National Park. Sau uku muka je kafin in dawo. Tun da na dawo, iyaye mata biyu da ke shirin irin wannan tafiya sun zo gida sun tambaye ni yadda abin yake, shi ya sa na zauna na rubuta.

Gandun yana kudu da Sidni, kamar kilomita 30 daga tsakiyar birni, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 150. An keɓe shi a 1879, shekara bakwai bayan Yellowstone na Amurka, don haka yana cikin tsofaffin gandayen ƙasa a duniya. Sunan sarautar da ke jikinsa an ƙara masa ne a 1955, bayan ziyarar Sarauniya Elizabeth a 1954, ita dai wadda aka yi wa hawan daba a nan Kaduna a 1956. Kamuku namu na Birnin Gwari ya ninka shi girma sau da yawa. Ina tsaye a can na tuna haka, raina ya sosu, don a shekarun nan rashin tsaro ya hana mu kai jikokinmu su ga namu.

Maganar takardu ba zan daɗe a kanta ba. Bizar ziyara ta intanet ake nema, ki fara da wuri, watanni kafin ranar haihuwa. Ki riƙe katinki na rigakafin shawara. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne tsaraba. Ƙasar tana da tsanani sosai kan abinci da tsirrai da ake shigowa da su. Kilishi da dambun nama ki bar su a gida. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, kayan kunun kanwa, duk abin da kika ɗauko ki rubuta a takardar da ake rabawa a jirgi cewa kina ɗauke da abinci. Su duba, wanda za su bari su bari, wanda za su karɓe su karɓe. Ɓoyewa ce ke jawo tara, har da soke biza.

Sai lokacin zuwa. A can komai a juye yake. Lokacin da muke fama da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, su bazararsu ce mai zafi. Yuni zuwa Agusta sanyi. In da zaɓi, ki je tsakanin Satumba da Nuwamba. Dajin yana cike da furanni, zafi bai yi tsanani ba, kuma manyan halittun tekun nan da ake kira wel suna wucewa kusa da gaɓa. Daga Mayu zuwa Nuwamba suke wannan kai-komo, su yi arewa su haihu a ruwa mai ɗumi, su dawo kudu da 'ya'yansu. Mutane na ce musu kifi, amma shayarwa suke yi, tsawon babba ya kai na tirela. Na ga feshin numfashin ɗaya daga kan dutse, na yi ta tasbihi.

Hanya biyu ce ta shiga. Da mota ana biyan kuɗin shiga a kan kowace mota, lokacin da muka je dala 12 ta ƙasar ce a yini. Wanda ya shiga da ƙafa ba ya biya. A hannun hagu suke tuƙi, yadda muke yi kafin canjin hannu na 1972, don haka in za ki tsallaka titi dama za ki fara dubawa. Ni hanyar da na fi so ita ce ta jirgin ƙasa. A hau daga babbar tasha ta Central zuwa Cronulla, wajen awa ɗaya, a gangara kwata a shiga ƙaramin jirgin ruwa, cikin minti 30 ya tsallake da ku zuwa wani ƙauye mai suna Bundeena da ke bakin gandun. Kuɗin wannan jirgin ruwa daban ake biya, katin hawa jirgin ƙasa ba ya aiki a cikinsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki fara da tambayar ruwa. Mu in aka ce daji, tunaninmu namun dawa ne da miyagun mutane. A wannan dajin babu zaki, babu kura. Abin da ke cin rai a can, mafi yawa, teku ne. Kogin Kaduna cikarsa da damina ce, janyewarsa da rani. Teku kuwa sau biyu yake cika a dare da yini, sau biyu ya janye, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan. Shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lissafin da mu muka fi kowa riƙewa. Dutsen da kika taka a bushe da hantsi, da azahar yana iya zama ƙarƙashin ruwa, hanyar komawa ta toshe. Akwai jadawalin cikar teku na kowace rana a intanet. Daren da za ku tafi ki sa yara su buɗe miki, ki rubuta awannin a takarda ki sa a jaka.

Akwai wasu ramukan ruwa a kan shimfiɗaɗɗen dutse da ake kira Figure Eight Pools, saboda ɗayansu ya yi kama da lamba 8. Hotonsu ya cika Instagram, kuma matasan gidan za su ce a je. Hajiya, ki ce a'a. Hanyar tana da gangara mai tsanani, awa uku zuwa huɗu zuwa da dawowa, ba a isa wurin sai ruwa ya janye, kuma ko ya janye igiya guda tana iya tasowa ta share duk wanda ke kan dutsen. An ji raunuka da yawa a wurin, an kuma rasa rai. Hukumar gandun tana wallafa hasashen haɗarin igiyar ruwa na wurin a shafinta. Ko matasan za su je su kaɗai, su duba shi, in ya nuna haɗari su haƙura. Dokar da wata ma'aikaciyar gandun ta faɗa mana, na riƙe ta: a kan dutsen bakin teku kada ki taɓa juya wa ruwa baya, ko don ɗaukar hoto.

Haka wanka. A wuraren da akwai masu ceto, suna kafa tutoci biyu masu launin ja da ruwan ɗorawa, tsakaninsu kaɗai ake shiga. In babu tuta, babu mai kallo ke nan. Akwai wata igiya da ke ja zuwa cikin teku, kuma inda take ruwan ya fi kwanciya a ido, shi ya sa baƙo yake zaɓar nan. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu ɗaya. Mu da muke shiga da dogayen kaya sai mu ƙara kula, zani da abaya in sun sha ruwa nauyi gare su. Ni iyakata idon sawu. Yara kuma kada su sa hannu cikin ƙananan ramukan ruwa na kan duwatsu. Akwai wata 'yar halitta mai hannaye takwas, ba ta fi tafin hannu ba, da zobba shuɗaye a jikinta, dafinta yana kashe babban mutum.

To ina za ki je? In kina da ciwon gwiwa ko kuna tare da jariri, Audley. Fili ne mai ciyawa a bakin kogin Hacking, da inuwa, da banɗaki, da ofishin baƙi inda ake samun taswira, ana kuma hayar kwalekwale. In an yi ruwan sama mai yawa kogin yana haye 'yar gadar wurin a rufe hanya. Wattamolla kuwa ita ce ta fi kwanta mini a rai: ruwa yana zubowa daga dutse cikin wani tafki mai sanyi, sai rairayi, sai teku a bayansa. An hana tsalle daga saman dutsen, an sa shinge, ki hana naki ko sun ga wasu suna yi. Ranar Asabar da Lahadi na bazara wurin ajiye mota yana cika tun da safe, ku je ranar aiki. Daga Wattamolla, mai ƙarfin ƙafa zai iya bin gaɓa zuwa Curracurrong, wajen awa uku zuwa da dawowa, inda rafi ke faɗawa kai tsaye cikin teku daga saman tsauni, in iska ta yi ƙarfi ta mayar da ruwan sama. Kusa da shi akwai dutse mai kama da kan gaggafa.

Daga Bundeena akwai zagayen Jibbon, kamar awa biyu a hankali. A nan ne zanen mutanen Dharawal yake, 'yan asalin wannan ƙasa tun dubban shekaru kafin zuwan Turawa. Sun sassaƙa siffofin dabbobin ruwa da na tudu a jikin dutse. An yi dakali na tsayawa a kalla, kada a taka zanen. Akwai kuma farin dutsen Wedding Cake Rock da aka kewaye da shinge saboda masana sun ce yana iya ruftawa, a kalle shi daga bayan shingen. Doguwar hanyar gaɓa, kilomita 26 daga Bundeena zuwa Otford, ta masu kwana biyu ce da tanti, kuma sai an kama wurin kwana tun kafin a tafi. Wannan na bar wa matasa.

Da na shiga dajin, ƙamshin da ya fara dukan hancina na gida ne. Bishiyar turare, irin wadda aka shuka a dajin Afaka da bakin titunanmu, asalinta can ne. Man da ke ganyenta shi ke sa gobarar dajinsu ta zama abin tsoro. A Janairun 1994 wuta ta cinye fiye da kashi 90 cikin ɗari na wannan gandu. Ya sake tsirowa, don wasu tsirran wurin ma sai wuta ta bi ta kansu 'ya'yansu ke buɗewa. Saboda haka kada ki yi tunanin hura gawayi ki gasa nama yadda muka saba. A ranakun zafi da iska hukuma tana hana kunna wuta gaba ɗaya, wani lokaci ta rufe hanyoyin dajin. Safiyar tafiya a duba sanarwar gandun kafin a fita daga gida. Akwai murhunan gas na jama'a a wasu wuraren, amma kowa yana gasa abin da ya ga dama a kansu, har da naman alade. Mu dafa-duka muka yi a gida da naman halal da aka sayo a Lakemba, unguwar da Musulmi suka fi yawa, muka zuba a kula.

A jaka ki sa ruwa, aƙalla lita biyu ga kowane mutum, don babu famfo a kan hanyoyin. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ba silifa ba. Malfa a kan mayafi, da man kare fata. Kada ki ce mu baƙaƙe rana ba ta ƙona mu, ranar can tana da kaifi ko iska na kaɗawa da sanyi. Ki sa rigar sanyi mara nauyi, da leda ta kwaso shara, da bandeji mai faɗi. Bandejin na maciji ne. Akwai masu mugun dafi, ko da yake gudun mutum suke yi in ba a taka su ba. In tsautsayi ya faɗa, a manta da tsagawa da tsotsa da ɗaure da igiya. A naɗe gaɓar gaba ɗaya da bandeji da ɗan ƙarfi, kada a wanke wurin, mutum ya kwanta kada ya motsa, a kira 000, lambar neman agajin gaggawa ta ƙasar. Waya ba ta kamawa a ko'ina, don haka a gaya wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Ba a tsinkar fure, ba a ba tsuntsaye abinci.

Salla ta kama mu a Wattamolla. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda jikina ya saba shekara sittin, sai surukina ya matso a hankali ya ce, "Mama, a nan alƙibla yamma take, a ɗan karkata arewa." Teku yana gabas, ke nan in kin tsaya salla yana bayanki. Don haka ki yi nisa da bakin ruwa, ki hau kan ciyawa ko busasshen rairayi. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, amma a ɗebo a buta daga inda ba zurfi, kada a tsuguna a gefen dutse.

In ta Bundeena kuka shiga, ki tambayi lokacin jirgin ruwa na ƙarshe tun kuna sauka da safe, don ba ya kai dare, kuma lokacin yana canzawa tsakanin sanyi da zafi. A watannin sanyi rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, dajin kuma babu fitila ko ɗaya. Mu muna juyowa da zarar an yi la'asar, mu iso kwata da sauran haske, mu yi magariba a Cronulla kafin mu hau jirgin ƙasa.