Jira, GitLab ko Polarion? Kurakuran da ake tafkawa wajen zaɓe

Duk tawagar masu rubuta manhaja da ta haura mutum shida, akwai ranar da wani zai miƙe a taro ya ce WhatsApp da Excel sun daina ɗaukar aikin nan. Kuma gaskiya ya faɗa. Abin da mai aiki ya nema yana cikin imel, tangarɗar da aka gano jiya tana cikin saƙon murya na minti huɗu, wanda ya san inda aka kwana kuma ya tafi biki. Sai a ɗora wa mutum ɗaya nauyin ya je ya kwatanta manhajojin da ake kira ALM, wato masu riƙe rayuwar manhaja baki ɗaya: rubuta abin da ake so ta yi, rarraba aiki, kod, gwaji, sakinta ga jama'a, da gyaranta bayan an sake ta. An taɓa ɗora mini wannan nauyi, don haka yawancin abin da zan ambata da hannuna na tafka shi.

Abu na farko da na yi, wanda kusan kowa ke yi, shi ne buɗe Excel. Na jera sunaye a sama, na jera abubuwan da muke so a gefe, na shiga shafin kowane kamfani ina saka alamar "akwai". Da na gama, tebur ya cika fal da "akwai", babu wadda ta fi wata. To ina amfanin wannan? Kalmar ɗaya ce, amma ba abu ɗaya take nufi ba. Ɗauki layin kula da gwaji. A Jira, yawancin masu yinsa da gaske sai sun sayo ƙarin manhaja irin su Xray ko Zephyr, da kuɗinsu daban. A Azure DevOps akwai sashen Test Plans a ciki, amma lasisin Basic bai isa ka tsara gwaje-gwaje da shi ba, sai ka ƙara kuɗi. A GitLab kuwa, rubuta buƙatu da jerin gwaji suna can matakin Ultimate, mafi tsada. Uku ɗin nan duka sun sami "akwai" a teburina.

Maganin wannan shi ne ka ajiye tebur, ka ɗauko aiki guda na gaske wanda kuka gama kwanan nan, ka bi da shi ta cikin kowace manhaja daga farko har ƙarshe. A ce manhajar biyan kuɗi kuke yi, kuma an nemi mutum ya iya canza lambar wayarsa. Rubuta buƙatar. Raba ta gida uku ko huɗu. Sa mai kod ya tura gyaransa ya ɗaura shi da tikitin, wato shafin da aka rubuta wannan aikin a cikin manhajar. Sa mai gwaji ya rubuta gwajinsa, ya gudanar, ya faɗi da gangan, a buɗe tangarɗa, a gyara, a saki. Sannan, nan ne wurin da ake gane na ƙwarai, ka yi kamar wata uku sun wuce, wata mata ta kira tana kuka an canza mata lamba ba da saninta ba. Tambayi manhajar: wace buƙata ce ta kawo wannan sashe? Wa ya taɓa kod ɗin? Wa ya duba ya amince? Wane gwaji ya wuce, a kan wane fitarwa? Ƙirga sau nawa ka latsa, kuma ƙirga sau nawa dole ta sa ka juya kujera ka ce, "Malam, wai kai ka yi wannan?" Wannan bin sawun shi ne ainihin abin da kake saye. Ragowar duk ado ne.

Kuskure na biyu ya fi na farko ɓoyuwa: jera abubuwan da ba jinsi ɗaya ba ne a sahu ɗaya. Kowace daga cikin manhajojin nan tana da gidan da aka haife ta, kuma hali zanen dutse ne. Jira ta fito a 2002 daga kamfanin Atlassian na Ostiraliya a matsayin wurin rubuta tangarɗa da bin ta, shi ya sa har gobe tikiti ne zuciyarta. GitHub da GitLab ma'ajiyar kod ce asalinsu, daga baya suka ƙaro allon aiki da sarrafa gwaji da saki ta atomatik, don haka mai kod yana jin daɗinsu fiye da mai rubuta buƙatu. Azure DevOps jikar Team Foundation Server ce ta Microsoft, a 2018 aka raɗa mata wannan suna. Quality Center ta taso ne a ɗakin masu gwaji. Su kuwa DOORS ta IBM, da Polarion da Siemens ya saya a 2016, da Codebeamer da PTC ya saya a 2022, da Jama Connect, mutanen buƙatu ne. An gina su ne domin masu ƙera mota da jirgin sama da na'urar asibiti, waɗanda ke aiki ƙarƙashin ƙa'idoji irin su ISO 26262 da DO-178C da IEC 62304. A can, mai bincike zai zo ya zauna, ya nuna layi ɗaya a takardar buƙatu ya ce a nuna masa gwajin da ya tabbatar da shi, da wanda ya sa hannu, da yadda layin yake kafin a canza shi.

In manhajar odar abinci kuke yi, kuka ɗauko irin waɗannan, kun sayi tirela don kai yara makaranta. Za ku shafe watanni kuna saiti, masu kod su tsane ku. In kuma na'urar auna sukarin jini kuke rubuta wa manhaja kuka ce allon Trello, wato sassauƙan allon katunan aiki, ya ishe ku, ranar bincike za ku kwana kuna haɗa hujja da hannu. Saboda haka kafin ka buɗe shafin kowane kamfani, ka amsa tambaya ɗaya: akwai wata hukuma ko abokin ciniki da zai nemi hujja a rubuce? Amsar nan kaɗai za ta zubar da rabin sunayen da ke jerinka.

Sai batun wanda ke yin zaɓen. Sau da yawa oga ne ke zama da ɗan tallan kamfani, a nuna masa allo mai launi-launi, jadawali na hawa yana sauka, komai tsaf. Kallon kitse ake wa rogo. Bayanan da ke cikin wannan nuni an shirya su ne don nunin. Jadawalin da oga ke so ba ya cika kansa. Masu kod da masu gwaji ne ke cika shi, tikiti bayan tikiti, kuma in cikawar ta zame musu wahala za su daina, jadawalin ya ci gaba da nuna kore alhali aiki ya tsaya. Ka ba waɗanda za su wuni a ciki mako biyu su yi aikinsu na yau da kullum da ita. Kada ka manta da mai amsa ƙorafin jama'a, wanda galibi ba a gayyatarsa taro, alhali ta hannunsa yawancin tangarɗa ke shigowa. Kuma a yi gwajin da irin intanet ɗin da kuke da shi, ba na ɗakin taron otal ba. Shafin da ke ɗaukar daƙiƙa goma kafin ya buɗe, wanda zai buɗe shi sau hamsin a rana ne ya san zafinsa.

A nan ne na fi jin kunya. Da muka zaɓi tamu, sai zumuɗi ya kwashe ni. Na ga ana iya ƙirƙirar matakai yadda aka ga dama, sai na yi goma sha huɗu tsakanin "sabo" da "an gama". Na sa gurabe tara da dole a cike kafin tikiti ya buɗu. Bayan wata biyu na zauna ina dubawa, sai na tarar a gurbin "Dalilin tangarɗa" an yi ta saka ɗigo. Ɗigo ɗaya tak, tikiti bayan tikiti. Na tambayi wani abokin aiki da ya girme ni, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, lokacin da nake buɗe tikitin ai ban san dalilin ba tukuna. Da na sani, da gyarawa zan yi, ba rubutu ba." Muka mayar da matakan biyar, guraben dole uku. Gurbin dalili muka mayar da shi lokacin rufewa. Manhajar ba ta da laifi ko kaɗan, amma da a ce an tambaye mu a watan nan, da cewa za mu yi ba ta da kyau, mu koma neman wata. Tawaga da yawa da ke yawo daga wannan zuwa waccan, tsarinsu ne ke ciwo, suna ɗauke da shi duk inda suka je.

Kuɗi kuma, farashin da ke shafin farko ba shi ne farashi ba. Jira kyauta ce har mutum 10, Azure DevOps kuma mutum 5 na farko, wanda hakan alheri ne ga ƙaramar tawaga, amma ka yi lissafin ranar da za ku wuce wannan adadi. Ƙarin manhajojin kasuwar Atlassian ana biyansu ne gwargwadon yawan masu lasisin Jira ɗinku gaba ɗaya, ba masu amfani da ƙarin kaɗai ba. Masu gwaji uku ne ke buƙata, amma kan mutum arba'in za a caje ku. Akwai mintocin gudanar da gwaji ta atomatik, akwai wurin ajiya. Farashin ma ba ya zama wuri ɗaya: a 2023 GitLab ya ɗaga matakin Premium daga dala 19 zuwa 29 kan kowane mutum a wata. Ga wanda kuɗin shigarsa naira ne, akwai wani hawan a kan wannan. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ta haura 1,400 a farkon 2024, wato kuɗin lasisi ya ninka uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ka yi lissafin shekara uku, da yawan mutanen da kake sa ran samu, ba na yau ba.

Wasu suna ganin haka sai su ce to mu ɗora ta kyauta a sabarmu, wato kwamfutar kanmu, Redmine ko GitLab na al'umma. Zaɓi ne mai kyau in akwai mutum takamaimai da aikinsa ne sabunta ta, toshe ɓarakar tsaro, da kwafin ajiya, kuma akwai wuta. In babu, albashin wani ne da man janareta kuka ɓoye a ƙarƙashin kalmar "kyauta".

Ban ce komai ba kan basirar na'ura da kowane kamfani ke tallatawa yanzu, da gangan. In tikitocinku ɗigo ne a ciki, ɗigo za ta taƙaita muku.

Wanda ya fi duka tsada shi ne shiga ba tare da duba ƙofar fita ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Kod ba shi da matsala sosai, domin ma'ajiyar Git, wato tsarin da ake adana kod da shi, tana ɗauke da tarihinta duk inda aka kai ta. Abin da ke maƙalewa shi ne tikitoci, da muhawarar da aka yi a ƙarƙashinsu, da hotunan da aka liƙa, da igiyar da ta ɗaure buƙata da gwajinta, wato daidai bin sawun da ka biya kuɗi dominsa. Kuma ba kullum kai ke zaɓar ranar tashi ba. Bitbucket, ma'ajiyar kod ta Atlassian, ya daina ɗaukar kod ɗin da aka adana da Mercurial, wani tsari irin Git, a 2020. Atlassian ya daina sayar da sabon lasisin Server, wato na ɗora Jira a sabarka, a Fabrairun 2021, ya janye tallafinsa gaba ɗaya a Fabrairun 2024, waɗanda suka shekara goma suna riƙe da Jira a ɗakinsu dole suka sake shawara. Quality Center kuwa ta ga iyayen riƙo: daga Mercury Interactive zuwa HP a 2006, zuwa Micro Focus a 2017, zuwa OpenText a 2023. Saboda haka tun a makon gwaji, ka fitar da duk abin da kuka saka, ka buɗe fayil ɗin ka duba da idonka. Sunan wanda ya yi sharhi ya fito? Kwanan wata fa? Alaƙar tikiti da tikiti ta tsira? In buƙatu ne jarinku, ka tambaya ko tana fitarwa a tsarin ReqIF, wanda manhajojin buƙatu ke musaya da shi.

Kada kuma ka ɗauka tunda a sabar babban kamfani bayananka suke, ka huta da kwafin ajiya. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka juya ga hanyoyin ajiyar da ake da su aka tarar yawancinsu ba sa aiki, aka yi asarar tikitoci da sharhi na kusan awa shida, duk da cewa kod bai taɓu ba. A Afrilun 2022 wani umarnin gogewa da aka gudanar ba daidai ba ya share shafukan abokan cinikin Atlassian 775, wasu sai da suka kusa mako biyu kafin a dawo musu da nasu. Kamfanonin biyu sun fito sun bayyana abin da ya faru dalla-dalla, kuma rahotannin nasu sun cancanci karantawa kafin ka sa hannu a kowace yarjejeniya. Ka tambayi kowane mai sayarwa: sau nawa kuke ɗaukar kwafi, kwana nawa kuke riƙe shi, kuma zan iya sauke nawa in ajiye a wurina?

Mu dai yanzu ranar Juma'ar farko ta kowane wata, kafin a tafi masallaci, mutum ɗaya yana sauke kwafin komai, ya zaɓi tikiti goma ba tare da tsari ba, ya buɗe su daga kwafin ya ga ko hotunansu da sharhinsu suna nan. Sau biyu muna tarar da hotunan ba su biyo ba.