Ka canza pelet, zafi ya yi yawa a gida: ga inda za ka taɓa

A nan wajen Bresha ta Italiya da nake zaune, 'yan'uwa da yawa da murhun pelet suke ɗumama gida, wanda 'yan Italiya ke kira stufa; pelet kuwa 'yan gutsattsarin garin katako ne da aka matse. Idan ka canza buhu sai falo ya ɗau zafi har yara na cire rigar sanyi a watan Janairu, kada ka yi saurin cewa murhun ya lalace. Galibi lafiyarsa ƙalau.

Ƙarfen nan mai murɗe-murɗe da ke zuba pelet cikin kaskon da wuta ke ci, da mudu yake awo, ba ruwansa da sikeli. Gajeren pelet mai nauyi ya fi dogo cika shi, saboda haka kowane juyi yana kawo makamashi fiye da na da. Na itacen abete (fir) kuma yana da ƙaro a jikinsa, ya fi na itacen faggio (beech) saurin kamawa. Duba buhun: ENplus A1 na nufin danshi bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, toka ba ta wuce kashi 0.7 ba, kilo ɗaya kuma na ba da makamashi aƙalla 4.6 kWh. A Lombardiya ma, yankin da Bresha take, tun 2018 doka ta ce pelet mai A1 za a ƙona a ƙananan murhu.

Fara da wanke kaskon, ka buɗe ramukansa idan murhu ya huce. Saiti a kan kasko mai toka ɓata lokaci ne. Sannan ka sauke ƙarfin wuta daga 4 ko 5 zuwa 2. Idan bai isa ba, shiga menu ka nemi ricetta pellet ko carico pellet, wato saitin yawan pelet da ke zuba, ka rage mataki ɗaya kawai. Jira kamar rabin awa kana kallon harshen wutar. Ana so ya zama rawaya mai haske, yana motsi. Idan ya yi dogo, ja-ja, yana lilo, gilashi na ɗaukar kunkunniya, pelet ya fi iska yawa, ƙara ragewa. Idan ya gajarce yana huci, ka wuce gona da iri.

Abin da na fi ganin mutane na yi shi ne rage fankar da ke huro iska cikin ɗaki. Kul! Zafin sai ya taru a jikin murhun har ya kashe kansa da ƙararrawa.

Leƙa bayan murhun kuma ka ga ma'aunin zafin ɗaki, wata 'yar waya mai baƙin kai. Idan tana kwance a kan tayil mai sanyi ko kusa da ƙofa, murhu zai ɗauka har yanzu ana sanyi. Ɗaga ta sama. Ka sa digiri 20, ka kunna stand-by, saitin da ke kashe murhu idan ɗaki ya yi ɗumi, don murhu da yawa idan sun kai zafin da aka sa ba sa mutuwa, saukowa kawai suke yi zuwa mataki na 1.

Menu mai lambar sirri na mai gyara ne, bar masa abinsa. Ka kuma tabbatar akwai na'urar gano iskar kabon monoksaid a ɗakin, da batir mai rai.