Yadda Ake Gina Dabarar Cinikin Bot da Taimakon Ƙirƙirarriyar Basira

Cinikin algoridim shi ne ka rubuta wa kwamfuta ƙa'idojin saye da sayarwa, ita kuma ta riƙa aiwatar da su a kasuwar foreks, wato ta musayar kuɗaɗen ƙasashe, ko ta hannun jari, ko ta kirifto, ba sai ka danna komai ba. Manhajar da ke wannan aiki ita ake kira bot. A MetaTrader 4 da MetaTrader 5, manhajojin ciniki na kamfanin MetaQuotes, sunanta Expert Advisor, 'yan kasuwa kan taƙaita su ce EA, kuma da yaren MQL4 ko MQL5 ake rubuta ta. A TradingView yaren shi ne Pine Script. Da can rubuta lambar manhaja shi ne katangar da ke tare mutane. Yanzu ChatGPT ko Claude ko Gemini za su rubuta maka bot kafin shayinka ya huce. Sai dai wannan ne mataki mafi araha a duk aikin. Inda kuɗi ke zurarewa yana cikin tsadar ciniki da gwajin dabara, kuma kusan kowace kalma da za ka ci karo da ita a nan sunan wata ɓula ce a jikin tulun.

Fara da kalmomin tsada

Pip shi ne ma'aunin motsin farashi. A EURUSD, wato farashin yuro da dalar Amurka, lamba ta huɗu ce bayan ɗigo: daga 1.0850 zuwa 1.0851 pip ɗaya ke nan. A kuɗin da aka haɗa da yen na Japan lamba ta biyu ce. Lot kuma girman ciniki ne. Cikakken lot raka'a 100,000 ne na kuɗin farko a cikin biyun da ake musaya, kuma a EURUSD kowane pip a kansa dala 10 ne. Lot 0.10 dala 1, lot 0.01 santi 10.

Sifired ita ce tazarar da ke tsakanin farashin da dillali zai sayar maka da wanda zai saya a hannunka. Da ita kake shiga kowane ciniki da 'yar asara tun kafin kasuwa ta motsa. Wasu asusun suna da ƙaramar tazara amma ana cire la'ada a kan kowane lot. Zamewar farashi, wadda ake ce wa silifej, ita ce ka nemi farashi kaza a cika maka a wani daban. Ta fi muni lokacin fitar manyan alƙaluma, kamar rahoton ayyukan yi na Amurka da yawanci ke fita Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 1:30 na rana agogon Najeriya da Nijar idan Amurka na kan agogonta na bazara, 2:30 idan tana kan na hunturu.

Suwaf kuɗin kwana ne. Idan ciniki ya kwana a buɗe, ana cire maka ko a ƙara maka wani abu gwargwadon bambancin kuɗin ruwa na ƙasashen biyu, kuma yawancin dillalai na lissafa na kwana uku a daren Laraba. Kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, shi ya sa ake da asusun da ba suwaf, wanda suke kira asusun Musulunci. Karanta sharuɗɗansa, domin wasu suna maye gurbin suwaf da kuɗin hidima bayan 'yan kwanaki. Hukuncin cinikin kansa, musamman na lebareji, tambaya ce ta malamin da ya san fiƙihun mu'amala, kuma a yi ta kafin a zuba kuɗi.

Lebareji shi ne dillali ya bar ka ka riƙe cinikin da ya ninka jarinka. Da 1:100, dala 1,000 za ta riƙe cinikin dala 100,000, kuma motsin kashi 1 cikin 100 kacal zai cinye jarin. Hukumar kula da kasuwannin Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa 1:30 ga ƙananan 'yan kasuwa a manyan kuɗaɗe tun 2018. Dillalin da ke tallan 1:1000 ba alheri yake maka ba.

Rubuta dabarar da Hausa kafin ka buɗe wata manhaja

"Zan saya idan kasuwa ta yi ƙarfi" ba ƙa'ida ba ce, domin kwamfuta ba ta san ƙarfi ba. Ƙa'ida ita ce wadda mutum biyu za su karanta su yi abu iri ɗaya. Ga misali, don koyo kawai: a EURUSD, a kyandir na awa 4 (kyandir zane ne da ke nuna motsin farashi a cikin wani ƙayyadadden lokaci), a saya idan matsakaicin farashi na kyandir 20 ya haye na kyandir 50, bayan kyandir ɗin ya rufe. Birkin asara, wato sitop-los, odar da ke rufe ciniki in asara ta kai wani mataki, ya zauna a nisan ATR sau 2. ATR ma'aunin faɗin motsin kasuwa ne da J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978 tare da RSI, ma'aunin ƙarfin hawa ko saukar farashi, kuma an saba auna ATR a kan kyandir 14. A fita idan matsakaicin 20 ya koma ƙasan na 50. Kada a buɗe ciniki biyu a lokaci guda.

Girman ciniki kuma lissafi ne. Jari dala 1,000, kana yarda ka rasa kashi 1 cikin 100 a ciniki ɗaya, dala 10 ke nan. Idan birkin yana nisan pip 25, raba 10 da 25, ka sami santi 40 a kowane pip, wato lot 0.04. Bot ne zai riƙa wannan lissafin a kowane ciniki, domin nisan birki yana canjawa.

Abin da za ka ce wa ƙirƙirarriyar basira, da inda take tuntuɓe

Ka ba ta ƙa'idojin yadda ka rubuta su, ka faɗi yaren da sigarsa, ka ce kada ta ƙara sharaɗin da ba ka ambata ba, kuma ta sa bayani a kan kowane sashe. Idan ta gama, buɗe sabuwar hira, liƙa lambar kaɗai, ka ce ta bayyana maka abin da wannan bot ke yi. In bayanin ya saɓa wa abin da ka rubuta, akwai kuskure a wani wuri.

Kurakuranta sanannu ne. Takan cakuɗa MQL4 da MQL5, waɗanda hanyar aika odarsu ta bambanta, ko ta ƙirƙiri umarnin da babu shi a yaren. Wannan mai sauƙi ne, domin manhajar za ta ƙi haɗuwa. Masu haɗarin su ne waɗanda ke haɗuwa lafiya lau. Yawancin dillalai suna nuna farashi da lamba biyar bayan ɗigo, inda poyin 10 ne pip ɗaya. Idan lambar ta ɗauki poyin a matsayin pip, birkinka na 25 ya zama pip 2.5, tazarar dillali kaɗai ta kusa taka shi. Wani kuskuren shi ne duba kyandir mai lamba 0, wanda bai rufe ba, maimakon mai lamba 1. Sigina za ta bayyana ta ɓace, bot ya shiga a kan abin da bai tabbata ba. Akwai kuma bot ɗin da ba a gaya masa ya duba ko yana da ciniki a buɗe ba, sai ya riƙa buɗe sabo a kowane motsin farashi. Maganinsa lambar shaida ce da ake liƙa wa kowace oda, wadda a MetaTrader ake kira majik namba. Sannan agogon sabar dillali, wato babbar kwamfutarsa da ke karɓar oda, ba naka ba ne. Da yawa suna gaban GMT da awa 2 ko 3, mu kuwa awa 1, don haka duk ƙa'idar da ta dogara da lokaci sai an daidaita ta.

Gwajin baya, inda ya kamata ka fi daɗewa

Baktes, ko gwajin baya, shi ne a gudanar da dabarar a kan farashin shekarun da suka wuce. Kafin ka danna komai, saka tazara da la'ada da suwaf na gaskiya, ka ƙara ɗan kaso na zamewa. Sannan ka raba bayanan gida biyu. In kana da shekara 10, yi aiki da 7 na farko, ka kulle 3 na ƙarshe. Sau ɗaya ake buɗe su, bayan an gama gyara. Da zarar ka gani ka koma ka gyara dabarar, sun tashi daga jarrabawa sun zama darasi. Masu zurfafawa suna yin gwaji mai tafiya gaba: a daidaita a kan shekara 2, a gwada a wata 6 da ke biye, a matsa gaba a maimaita.

Cuta ta farko ita ce leƙen gaba, wato dabara ta yi amfani da bayanin da ba a sani ba a lokacin yanke shawara, kamar ta saya da safe bisa farashin rufewar yamma. Satar amsa ce, kuma sakamakonta kan yi kyau har ya ba da mamaki. A Pine Script takan shigo ta wajen ɗauko bayanan babban kyandir zuwa ƙarami. Layin riba da ya miƙe sama ba gargada, fara zarginsa da wannan.

Ta biyu ita ce haddar tarihi, obafitin a bakin masu sana'ar. Kamar tela ne ya ɗinka riga daidai jikin mutum ɗaya har da ƙusumbinsa. Ba wanda za ta yi wa sai shi. Ka gwada 20 da 50 ba su yi ba, ka koma 17 da 43, ka cire ranar Talata, ka ƙara RSI, har layin ya yi kyau. A nan ƙirƙirarriyar basira ta fi ɓarna, domin duk lokacin da ka ce mata "gyara ta ƙara riba" za ta ƙara sharaɗi ba musu. Wanda ya gwada siga 200 dole ya sami wadda ta yi fice da sa'a kawai. Ka riƙa rubuta adadin sigogin da ka gwada. Ka kuma girgiza lambobin: in 20 da 50 na ba da riba amma 22 da 48 na ba da asara, dabarar ba ta da tushe.

Wajen karanta sakamako, yawan cin nasara shi ne ya fi ruɗin sabon shiga. Abin dubawa shi ne matsakaicin abin da ciniki ɗaya ke kawowa. Dabarar da ke ci sau 40 cikin 100, tana samun dala 30 in ta ci, tana rasa 15 in ta faɗi, tana barin dala 3 a kowane ciniki: 12 a cire 9. Wadda ke ci sau 90 tana samun dala 2, tana rasa 25 a sauran goman, asarar santi 70 take yi a kowane ciniki. Dirodawun shi ne zurfin faɗuwar jari daga ƙololuwarsa zuwa ƙasa. Faɗuwar kashi 20 na buƙatar ribar kashi 25 kafin a dawo, ta kashi 50 kuwa sai an ninka abin da ya rage. Ma'aunin Sharpe, na William Sharpe tun 1966, yana auna riba da yawan tangal-tangal ɗin da aka sha kafin a same ta. Duk waɗannan ba su da nauyi a kan ciniki 30, nemi ɗaruruwa. Ka kuma bincika ko bot ɗin yana ninka lot bayan kowace asara, salon da ake kira matingel. Daga 0.01, bayan asara takwas a jere ya kai lot 2.56.

Akwai abin da gwajin baya ba ya iya gani, shi ne ranar da dokar kasuwa ta sauya. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye kariyar 1.20 da ya sa tsakanin yuro da faran ɗinsa, farashi ya tsallake birkunan mutane, wasu suka wayi gari dillali na bin su bashi. Haka dabarar da aka gina a kan farashin naira na hukuma kafin Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin, ba ta da amfani bayansa. Birkin asara oda ce ta fita a farashin da aka samu, ba alkawarin farashin da ka rubuta ba.

Daga gwaji zuwa kuɗin gaske

Dabarar da ta tsallake sai ta yi wata 2 ko 3 a asusun demo, wato na gwaji da ba kuɗin gaske a ciki, kana kwatanta kowane ciniki da abin da gwajin baya ya nuna na wannan lokacin. Bayan nan lot 0.01 a asusun gaske, domin a demo ba a cika ganin zamewa yadda take ba. EA ba ya aiki sai MetaTrader na kunne da intanet, don haka a inda wuta ke ɗaukewa sai ka kama hayar kwamfutar da ba ta mutuwa, wato VPS. Birkin asara kuma ya zauna a sabar dillali, kada ya tsaya a ƙwaƙwalwar bot kaɗai. A kasuwar kirifto bot yana shiga asusunka da makullin API, wata lambar sirri da dandalin ke bayarwa: ba shi izinin ciniki kawai, ka hana izinin cire kuɗi, kuma kada ka liƙa makullin a hira da ƙirƙirarriyar basira.

Ka sa masa makashi, ƙa'idar da za ta rufe komai ta tsayar da shi in asarar yini ta kai, a ce, kashi 3 cikin 100, ko in ya aika oda fiye da ƙima a minti ɗaya. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45, saboda wata tsohuwar lamba da ta farka a ɗaya daga sabobinsa lokacin sanya sabuwar manhaja.

Duk wannan ya sha bamban da dandalin da ke cewa ka kawo kuɗi "AI", wato ƙirƙirarriyar basira, ya juya maka. CBEX, da ya rufe da kuɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2025, da sunan cinikin AI ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30. A cinikin bot na gaskiya kuɗin yana asusunka ne a wurin dillali mai lasisi, kana ganin kowace oda da lokacinta da farashinta, kana iya kashe bot ɗin a duk lokacin da ka so. Wanda zai karɓi kuɗinka ya juya a Najeriya kuwa, duba sunansa a rajistar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, tukuna.